Sa Hannun Mai Walda

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana, a shago

Littafin nan na awon ƙofofi da tagogi ne, amma shafukan bayansa babu komai, kuma ba ni da wanda zan gaya wa magana ya riƙe ta. Mai faci, maƙwabcin shagona, kafin ka rufe baki ya kai ta bakin titi.

Shi ne ma ya shigo da safe yana washe haƙora, ina tsakiyar haɗa get. "Kashe injin nan, mai walda, ɗanka ne a talabijin." Na ce na gani tun jiya. Ya ce wannan daban ce, hirar bayan wasa ce.

Dogo, ɗana na fari, shekararsa goma sha bakwai, ya ci maki arba'in da ɗaya a wasan ƙarshe na ƙwallon kwando na makarantun sakandaren ƙasa baki ɗaya. 'Yan jarida sun laƙaba masa Walƙiya. Yaron da sai an kira shi sau uku kafin ya ɗauko bokiti.

A hirar aka tambaye shi wa zai gode wa. Yana haki ya ce, "Koci. Shi ya gano ni, shi ne ubana a wannan harka." Ya rungume mutumin. Ya gode wa makaranta, ya gode wa uwarsa, har direban motar makaranta ya samu rabonsa.

Mai faci ya sha jinin jikinsa, ya ce wataƙila sun yanke wurin da ya ambace ni. Na ce ko a jikina. Bayan ya fita na nemo hirar a wayata, na kalla sau huɗu. Ba su yanke komai ba.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Dogo ya dawo da takarda. An zaɓe shi zuwa sansanin 'yan wasan ƙasa 'yan ƙasa da shekara goma sha takwas. Wata shida a babban birni, daga nan gasa a ƙasar waje. Ana buƙatar sa hannun uba kafin ranar ashirin da ɗaya ga wata. An rubuta ɓaro-ɓaro cewa uwa ko wani dangi ba sa sa hannu sai idan uban ba shi da rai.

Ya ajiye ta gabana har da biro a kai.

"Baba, Koci ya ce a mayar gobe."

"Koci ya ce?"

"E, don kada a makara."

Na ce zan karanta. Ya ce layi shida ne kacal. Na ce ni mai walda ne, a hankali nake karatu. Uwarsa ta yi dariya, ƙanwarsa Auta ta yi, shi ma ya yi. Sun ɗauka wasa nake.

Na ninke ta na sa a aljihu. Ashe akwai abu ɗaya a duniyar ƙwallon nan da usur ɗin Koci ba zai iya yi ba.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe goma na safe

Tana cikin aljihun teburin shago, ƙarƙashin gilashin walda. Hannuna duk maiƙo ne, ba zan ɓata takardar mutane ba.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

'Yan jarida uku suka zo gida. Uwarsa ta share tsakar gida sau biyu, ta sa ni na sauya riga. Suka ɗauki kofunansa, suka ɗauki takalmansa, har gadon da na ƙara wa tsayi saboda ƙafafunsa sun ɗauka, ba su tambayi wa ya ƙara ba. Wata yarinya mai kyamara ta ce min, "Baba, ɗan matsa kaɗan, kana tare haske." Na matsa.

Babbansu ya ce yana son ganin inda Walƙiya ya fara. Sai da na gyara tsayuwa, domin taku goma ne daga inda muke zuwa bayan ɗaki. Dogo ya ce, "Filin makaranta ne." Suka kwashi kayansu suka shiga mota.

To bari ni in rubuta, tunda babu mai tambaya. Yana shekara bakwai ya addabe ni da jefa lemo cikin kwandon shara. Na lanƙwasa ragowar rodi, na yi masa zobe, na kafa a bangon bayan ɗaki. Ban san faɗin na gaske ba, da murfin bokitin fenti na auna. Sai bayan shekara shida, ranar da na fara zuwa kallon wasansa, na sa tef na auna na makaranta a ɓoye. Nawa ya gaza da yatsu uku. Shekara shida yaron nan yana jefa ƙwallo a zoben da da ƙyar take wucewa, in ta taɓa gefe kaɗan ta dawo masa a goshi. Da ya je na makaranta, ai gani ya yi kamar an buɗe masa rijiya.

Koci kuwa ya gaya wa jarida cewa baiwa ce, shi ma bai san daga ina ta fito ba. Ni na sani. Daga murfin bokiti ta fito.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe tara na safe

Jaridar ta fito. "Mahaifinsa bakanike ne." Kalma uku, kuma ba su yi daidai ba. Hoton Koci ya cinye rabin shafi, da fararen kambas ɗinsa da ko ƙura ba sa ɗauka.

Uwarsa ta same ni ina shan shayi, ta zauna ta zuba min ido.

"Baban Dogo, ina takardar yaron nan?"

"Ina nazari. Karatunsa fa? Wata shida ba makaranta?"

"Akwai malamai a can, an rubuta a ciki."

"Gwiwa fa? In ya karye wa zai yi jinya? Koci?"

Ta daɗe tana juya cokali a kofi. Ta ce, "Shekara ashirin ina tare da kai, na san tarinka na mura, na san na ƙarya. Kishi kake yi."

Na ce da wa, da mai busa usur? Ta ce ita ba ta ambaci kowa ba. Na tashi na tafi shago, alhali yau ba ranar aiki ba ce.

A nan dai babu mai ji na, don haka zan faɗa. Kishi nake yi.

Talata, 11 ga wata, tsakar rana

Koci ya kira sau biyu. Injin yana aiki, ban ji ba.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Na je makarantar lokacin atisaye. Ba da niyyar komai na je ba, hanya ce ta biyo da ni. Na tarar Koci yana gyara wa Dogo gwiwar hannu, ya dafa kafaɗarsa, yana ce masa "ɗana, haka, ɗaga kaɗan". Da ya gan ni ya taho da sauri, ya ba ni hannu biyu, ya ce, "Malam, sannu da zuwa, a kawo maka kujera?"

Ba zan rubuta abin da na ce masa ba. Ba magana ce mai tsawo ba. Yara duk suka daina buga ƙwallo, ɗaya ta gangara har bakin ƙafata.

Da ya zage ni da na ji daɗi. Cire usur ɗin kawai ya yi daga wuya, ya sa a aljihu, ya ce, "Gaskiya ne, Malam. Allah bai ba ni ba tukuna." Ya juya ya ce wa yara su ci gaba.

A bakin get maigadin makaranta ya biyo ni, ya ce shekarar Koci goma sha huɗu da aure, sun je asibiti har sun gaji. Na ce wa ya tambaye shi.

Na sani ai. Tun bara na sani.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe shida na safe

Dogo ya gaishe ni daga bakin ƙofa, idonsa a ƙasa, irin gaisuwar da ake yi wa mai gidan haya. Jiya a ɗakinsa ya ci abinci.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe uku na yamma

Wani mai babbar mota ya zo duba get ɗinsa. Da ya ji ko ni wane ne sai ya manta da get ɗin. "Kai ne baban Walƙiya? Wallahi yarana ba sa barci saboda shi. Tsaya mu yi hoto." Shekara ashirin da biyar ina walda a layin nan, rabin ƙofofin unguwar nan hannuna ne, ba a taɓa cewa a yi hoto da ni ba.

Bayan ya tafi na liƙa sakata a kife. Mai faci ya leƙo ya ce, "Baban Walƙiya, wannan ta hana ɓarawo fita ce ko ta hana shi shiga?" Na ce ya je ya ji da tayoyinsa.

Da ina sakandare ni ma na yi gudu. Na taɓa zuwa na biyu a gasar makarantu huɗu. Babu wanda ya sa ni a talabijin, kuma mahaifina bai ma san an yi ba. Ban san abin da ya kawo wannan maganar ba.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Dogo ya same ni a tsakar gida ina gyaran kujera. Ya durƙusa, duk tsayin nan nasa ya naɗe shi wuri ɗaya.

"Baba, in na yi maka laifi ka yafe min. Saura kwana biyar."

"Wane laifi?"

"Ban sani ba, shi ya sa nake tambaya."

Da gaske bai sani ba, a fuskarsa na gani. Wannan ya fi komai ƙona min rai. Sati biyu ina cin wuta a kan magana ɗaya, wanda ya faɗe ta ko tunawa bai yi.

Na ce ya kai wa ubansa na harkar ya sa masa hannu.

Ya daɗe a durƙushe. Da ya tashi sai ya shiga ɗaki. Auta tana bakin murhu, ta harare ni, yarinyar da ko sha biyu ba ta cika ba. Uwarsu ta ajiye min abinci ba ta ce ga shi ba.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Babu wanda ya sake tambayar takarda. Har biro na saya, yana aljihuna. Da mutum ɗaya zai sake tambaya sau ɗaya.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ranar ta wuce. Na buɗe aljihun tebur sau uku, na rufe. Na zaci zan ji sanyi.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Rediyon mai faci ya karanto sunayen yara goma sha biyar da za su shiga sansani ranar Asabar. Na Dogo ne na farko. Layin nan ya kaure da shewa, mai shayi ya ce yau kofina kyauta ne.

Na shiga ciki na ɗaga gilashin walda. Takardar tana nan a ninke yadda na bar ta, wurin sa hannu fari fat.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Wata mata ta kira daga ofishin wasanni, muryarta irin ta waɗanda ba sa maimaita magana. Ta ce takardar izinin ɗana tana gabanta da sa hannuna a kai. Ta ce bara an samu matsala da wasu, don haka bana kowane uba zai zo ranar Alhamis ya sake sa hannu a gabanta, ta gwada da na farko.

Na ce, "In aka samu bai yi daidai ba fa?"

Ta ce yaron zai sha dakatarwar shekara biyu, kocin da ya miƙa takardar kuma a karɓe lasisinsa. Ta ce, "Me ya sa kake tambaya, Malam? Ba kai ka sa ba?"

Na ce injin yana ƙara, ba na jin ta sosai, sai Alhamis.

A karɓe lasisinsa. Na maimaita kalmomin nan a bakina kamar alewa, ba zan ɓoye ba. Har na hango shi yana kwashe kayansa daga ɗan ofishin nan na gefen fili. Sai da na kai ga wanke hannu na tuna da ɗaya rabin maganar. Shekara biyu. Yaron zai fita yana da sha tara, sansanin kuwa na 'yan ƙasa da sha takwas ne.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe goma na safe

Koci ya zo shago. Ya tsaya a bakin ƙofa yana sallama har sai da na ce ya shigo. Tartsatsi ya ɗan taɓa kambas ɗinsa, bai ko duba ba.

Ya ajiye min kwafin takardar a kan tebur. Ya ce Dogo ya karɓi wata sabuwa a ofishin makaranta, ya ce ta farko ta jiƙe, ya kawo washegari da sa hannu. Jiya da yaron ya ji labarin Alhamis ya same shi yana kuka, ya faɗa masa gaskiya.

Wato shi ya fara gaya wa. Mu da muke kwana gida ɗaya.

"Malam, ban zo roƙonka ba, ɗanka ne, ikonka ne. Na zo ne in sanar da kai. Gobe zan ce musu ni na sa hannun, yaron bai sani ba. Ni za su kora, shi ƙila su bar shi, in ka yarda daga baya."

"Aikin naka fa?"

"Zan samu wani. Shi ba zai sake zama ɗan sha bakwai ba."

Jinina ya hau. Ya ɗauke hira, ya ɗauke jarida, ya ɗauke kukan yaron, yanzu kuma har laifinsa yake so ya ɗauke, gobe a ce ga mutumin da ya ba da aikinsa saboda Walƙiya. Ni kuma in zama bakaniken da ya ƙi sa hannu.

Na ce, "Wa ya aike ka? Ɗana ne, in ya yi ƙarya ƙaryar gidana ce. Kada in ji bakinka gobe."

Ya juya zai fita. A bakin ƙofa na kira shi. Na so in ce wani abu game da ranar nan a fili. Abin da ya fito shi ne, ya kula da rodin da ke ƙasa kada ya yi tuntuɓe. Ya ce ya gode.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Na zauna da kwafin. Sa hannuna ne, amma ba na yanzu ba. Wannan mai dogon wutsiya ne da ɗan zagaye a farko, irin wanda nake yi kafin injin yankan ƙarfe ya taɓa min babban yatsa. Tun daga lokacin na koma jan layi biyu kawai.

Na tambayi uwar Dogo ta waya inda yaron ya ga wannan. Ta ce a katin sakamakonsa na aji huɗu na firamare, yana cikin akwatinsa. Na ce me ya hana shi duba na kusa. Ta ce, "Wane na kusa? Shi ne na ƙarshe da ka sa masa. Tun daga nan kullum cewa kake hannunka da maiƙo, ni nake sa wa."

Na rufe shago da wuri, na zauna a ciki da biron da na saya. Na cika shafi uku na littafin nan. Yatsan ba ya lanƙwasuwa, wutsiyar tana karyewa a tsakiya. Shi kuma yaron ya ƙara wata 'yar ƙugiya a ƙarshe wadda ni ban taɓa yi ba, dole ita ma in koya. Mai faci ya ƙwanƙwasa ya ce ko lafiya. Na ce awo nake yi.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe uku na yamma

Iyaye goma sha biyar a kan benci, kowa da ɗansa. Dogo ya zauna a gefena, bai san abin da zan faɗa ba, ni kuma ban gaya masa ba. Koci yana can ƙarshen baranda, ya jingina da bango.

Matar ta miƙo min sabuwar takarda, ta ajiye tsohuwar a gefe. "Malam, kai ka sa wannan?"

"Ni na sa."

Na kama biro. Zagayen ya fita, wutsiyar ta ɗan yi rawa, ƙugiyar ta zauna daidai. Ta sa tabarau, ta dubi wannan, ta dubi wancan. Ta ce na farkon ya fi kyau. Na nuna mata yatsan, na ce ranar ban yi aiki ba, yau kuwa tun safe nake riƙe da ƙarfe. Ta dubi yatsan, ta dubi fuskata fiye da yadda nake so, sannan ta buga hatimi.

A kan matakala Dogo ya ce, "Baba." Na ce ya yi min shiru. Muka taka har tasha. Da mota ta zo ya riga ni shiga, ya kama min kujerar taga, ya ajiye jakarsa a kai har na iso. A hanya na ce masa ƙugiyar nan ba tawa ba ce, wani lokaci in zai yi abu ya yi shi daidai. Ya sunkuyar da kai, kafaɗarsa tana motsi, ban duba ba ko dariya ce ko kuka.

Asabar, 29 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Sun tafi. Doguwar mota fara, 'yan jarida sun fi iyaye yawa. Uwarsa ta cika masa jaka har zif ya ƙi rufuwa, Auta ta yi kukan da ta rantse ba za ta yi ba. Ya rungumi uwarsa, ya rungumi Koci, ni kuma ya durƙusa ya kama hannuna da hannu biyu. Na ce ya tashi, mutane suna kallo, ya kula da gwiwarsa.

Cunkoso ya tura ni har na tsinci kaina kafaɗa da kafaɗa da Koci. Motar ta fara tafiya, Dogo ya leƙo ta taga yana ɗaga hannu wajen da muke. Daga nisan nan babu mai iya cewa wa yake ɗaga wa, kuma na tsaya ina wannan lissafin kamar wawa, motar tana ƙara nisa.

Na saci kallon Koci. Hannuwansa duka biyu suna cikin aljihu, ya mayar da idonsa ƙasa. Da gangan ya yi, ya bar min.

Na ɗaga nawa har motar ta sha kwana. Na dawo shago, na kunna inji, kuma har yanzu haushin mutumin nan nake ji.